Maigadi Ya Ce A Dakata: Halayen Mutane a Gaban Gargaɗin Fayawal

Da can, in ana son sanin halin mutum sai a yi tafiya da shi, ko a ba shi ajiya, ko a ranta masa kuɗi a jira ranar biya. Yanzu an samu hanyar da ba ta cin ko sisi. Zaunar da shi gaban kwamfuta, ka jira ɗan akwatin nan ya faɗo tsakiyar allo yana cewa fayawal ya tare wata manhaja, ko kuma shafin da yake nema ya yi ta juyi, ya gaji, ya ce bai samu hanya ba, a duba fayawal. Kafin ka ƙirga goma, mai gaggawa ya nuna kansa, matsoraci ya nuna kansa, mai neman wanda zai ɗora wa laifi ma ya riga ya samu.

Shi wannan fayawal da ake ta tsine wa, maigadi ne da aka ajiye tsakanin kwamfuta da sauran duniya. Sai dai gidan da yake gadi ƙofofinsa 65,535 ne, kowace da lambarta. Shafukan intanet ta ƙofa ta 80 da ta 443 ake zuwa musu, rabon fayil tsakanin kwamfutocin Windows ta 445, sarrafa kwamfuta daga nesa ta 3389. Dokar da Windows ta ba shi gajeriya ce: ɗan gida in zai fita aike a bar shi, in ya dawo da amsa a buɗe masa, baƙon da ba wanda ya kira shi kuwa ya tsaya waje. Idan wata manhaja ta ce tana so ta riƙa karɓar baƙi, maigadi ba ya yanke hukunci shi kaɗai, sai ya leƙo ya tambayi maigida. Tambayar nan ita ce akwatin. Masu amsa ta kuwa, ga su nan iri-iri.

Malam Danna-Kawai

Wannan bai taɓa karanta gargaɗi ba tun ranar da ya fara riƙe linzamin kwamfuta. Duk akwatin da ya fito, abu ɗaya yake nema a cikinsa: maɓallin da zai sa ya ɓace. Yatsansa ya fi idonsa sauri. Ka ce masa, "Malam, me ya rubuta?" sai ya ce, "Oho, ai na danna." "Me ka danna?" "Wanda ake dannawa mana."

Akwatin ya ba shi zaɓi, ko a bar manhajar ta karɓi baƙi a netwok na gida da na ofis kaɗai, ko har a na jama'a irin na otal da filin jirgi. Malam duka biyun yake yi wa alama, don kada a sake damunsa. Manhajar kuwa wasan ƙwallo ce ta sata, da ya sauko da ita daga wani shafi mai tallan maganin basir a kowace kusurwa. Me zai sa wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai ya nemi karɓar baƙi? Tambayar ba ta taɓa faɗo masa a rai ba.

Kada a ɗauka namu ne kawai. A 2013 wasu masu bincike biyu, Devdatta Akhawe da Adrienne Porter Felt, sun bibiyi gargaɗin tsaro sama da miliyan 25 da Chrome da Firefox suka nuna wa mutane. Gargaɗin da ke cewa ba a tabbatar da shaidar shafi ba, kusan sau 70 cikin 100 da Chrome ya nuna shi, wucewa aka yi abin mutum. Wato ƙungiyar Malam Danna-Kawai tana da rassa a kowace nahiya. Taro ne dai ba sa yi, don ba mai karanta takardar gayyata.

Hajiya Innalillahi

Ita tana ganin akwati mai hoton garkuwa sai ta dafe ƙirji. Ta zare wayar wuta, ta kife kwamfutar, ta ciro katin ATM daga jaka ta tura ƙarƙashin matashi, sannan ta kira ɗanta.

"Kai Abba, 'yan yahoo sun shigo min kwamfuta!"

"Subhanallahi. Umma, karanta min abin da ya rubuta."

"In karanta? In tsaya karatu su kwashe kuɗin adashin mutane? Na kashe ta."

Ranar da ta yi ta maza ba ta kashe ba, Cancel take dannawa. Abin da ba ta sani ba, a wurin Windows wannan amsa ce cikakkiya: maigadi ya rubuta sunan manhajar a jerin waɗanda aka hana baƙi, kuma ba zai sake tambaya ba. Sai a wayi gari sikana ta ƙi turo takarda, hotunan bikin 'yarta sun ƙi tahowa daga waya, ba kuma wani akwati da zai fito ya ce ga dalili. Hajiya ta ce ai dama ta faɗa, tun ranar nan suka lalata mata ita. Duk da haka tsoronta ya fi gangancin Malam Danna-Kawai araha. Ita aikin yini ɗaya take asara, shi kuwa wata rana har da asusun.

Sarkin "Sabis Ne"

Duk cutar da ta kama kwamfuta, shi suna ɗaya ya san mata. Zai ɗauki ɗan MiFi ɗinsa ya ɗora a taga, ya sauke, ya rataye a ƙusa, ya fita tsakar gida ya ɗaga shi sama. Ya cire layin MTN ya sa na Airtel, ya cire ya sa na Glo, duk ya bi su da addu'ar da ba a so. Ya sayi sabuwar data alhali tsohuwar ba ta ƙare ba. Duk wannan hidima da yake yi, wayarsa da ke kan Wi-Fi ɗin nan ɗaya tana zuba bidiyon TikTok ba ko tsayawa, a kwamfutar ma Facebook na buɗewa sumul. Manhajar lissafin shago ce kaɗai ta ƙi.

Ga shi kuwa gwajin ba ya bukatar digiri. In komai ya tsaya cak, waya da kwamfuta, sai a tuhumi sabis ko rauta. In abu ɗaya ne ya ƙi sauran na tafiya, to ko babbar kwamfutar masu manhajar ce ta faɗi, ko an tare ta a ƙofa. Ka faɗa masa haka, zai gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, amma dai yau sabis ɗin ba kyau."

Babbar sallarsa ita ce 14 ga Maris 2024, ranar da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Daga Kwaddibuwa zuwa Ghana zuwa Najeriya intanet ta yi rauni, manhajojin banki suka riƙa ƙin buɗewa. Ranar ya zagaya ofis ɗaki-ɗaki yana cewa, "Ban faɗa muku ba?" Har yau da ita yake kafa hujja.

Injiniya Kashe-Shi-Tukuna

Kowace kasuwar waya da kowane kafe suna da irinsa, kuma an yarda hannunsa na da kyau: abin da ya gagare ka yini guda, shi minti biyu. Sirrin ɗaya ne. Ya shiga saiti, ya kashe fayawal gaba ɗaya, na gida da na jama'a, abu ya yi aiki, ya miƙo hannu. "Oga, na ɗan kashe shi ne tukuna, in ka gama sai ka mayar." Ba a taɓa jin wanda ya mayar ba. Windows ta yi ta fito da jan gargaɗi a kusurwa, a koma wurinsa, ya kashe gargaɗin shi ma, ya karɓi kuɗin aiki na biyu.

Kashe fayawal na minti ɗaya don a gane ko shi ne ya tare, dabara ce da masu sana'ar ke yi. In an gane shi ne, saura a buɗe wa manhajar nan ɗaya ƙofar da take bukata, a mayar da maigadi bakin aikinsa. Injiniya a rabin farko ya ajiye karatun.

Da ya san yadda aka yi maigadin ya samu aikin, da ya ɗan ji nauyi. Windows XP ta fito a 2001 da fayawal a cikinta, amma a kashe. A Agustan 2003 bairos ɗin Blaster ya bi ta ƙofa ta 135 ya shiga kwamfutoci ba tare da kowa ya danna komai ba, kana zaune sai allo ya ce maka saura daƙiƙa 60 kwamfuta ta kashe kanta. A 2004 Sasser, wanda wani ɗan makaranta a Jamus ya rubuta, ya bi ta 445. Sai a Agustan shekarar Microsoft ta fitar da Service Pack 2, fayawal ya koma zuwa a kunne. Ƙofar nan ta 445 kuma ba ta yi ritaya ba. Ta nan WannaCry ya bi ranar 12 ga Mayun 2017, ya kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe aƙalla 150, yana neman fansar dala 300 a kuɗin Bitcoin, har asibitocin Ingila suka soke ganin likita da tiyata. Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris, amma waɗanda abin ya ci ba su sabunta ba, ƙofar kuma a buɗe take. Ka ba Injiniya wannan labarin tun daga farko har ƙarshe, zai ce, "Ai wannan a Turai ne."

Mai Tarin Layu

Shi bai yarda da maigadi ɗaya ba. Akwai McAfee da ya zo da kwamfutar, wanda wa'adin gwajinsa ya ƙare tun tana sabuwa. Akwai Avast da abokinsa ya sa masa, akwai Smadav saboda filashi, akwai wani kuma da shi kansa bai san ranar da ya shigo ba. Kwamfutar sai ta yi minti goma kafin ta farka, fankarta na gurnani. Ranar da wata manhaja ta ƙi haɗuwa, sai ya shiga fayawal na Windows ya buɗe mata, bai san tuni ɗaya daga cikin waɗancan ya karɓe ragamar ƙofar ba, kuma jerin sunayensa daban. Ya buɗe nan, can a rufe. Ya yi tunani mai zurfi, ya ƙaro na biyar.

Ɗan Tsallaken Katanga

Makarantarsa ita ce dakatar da Twitter da gwamnatin Najeriya ta yi daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022. A watanni bakwai ɗin nan ya koyi VPN, tun daga lokacin kuma yake ganin ya gama da kowace katanga, har da babbar nan ta China in ta kama. A ofis an toshe YouTube da shafukan caca da na kallon ƙwallo, shi ko a jikinsa. Ya saka VPN na kyauta wanda bai san mai shi ba, duk zirga-zirgarsa tana bi ta kwamfutar wani bawan Allah a wata ƙasa. In an toshe VPN ɗin, ya zare wayar netwok ta ofis ya haɗa kwamfutar ma'aikata da wayar hannunsa, maigadin ofis na can bakin ƙofa yana gadin iska.

Abin da ke kayar da shi mantuwa ce. Zai bar VPN a kunne ya shiga manhajar banki, banki ya ga mutumin da ya sayi kati a Kano da hantsi yana Amsterdam kafin azahar, ya rufe ƙofa. Firintar da ke gabansa ta ɓace daga allo, don a lissafi kwamfutarsa ba ta ƙasar. Sai ka ji shi a layin masu ƙorafi yana cewa, "Wallahi ban taɓa komai ba."

Oga Buɗe-Min

Oga ya sa kyamarori a gida da ofis, yana so in ya tafi Umara ya riƙa ganin wanda ya zo aiki a makare. Yana kuma so ya riƙa shiga kwamfutar ofis daga falonsa. Duka biyun akwai hanyar yinsu cikin tsari, amma tana cin kwana biyu da ɗan kuɗi, Oga kuwa jirginsa gobe ne. Yaron da ke kula da kwamfutocin ofis ya ce:

"Ranka ya daɗe, in muka buɗe 3389 ga duniya kai tsaye, duk mai yawo a intanet zai iya zuwa ya gwada sa'arsa."

"Wa ya san da ɗan ofishin nan namu?"

"Ranka ya daɗe, ba mutum ne ke nema ba, na'ura ce ke bi gida-gida."

"Kai, ni na sayi kwamfutar ko kai?"

Sai a buɗe. Kalmar sirri kuma a sa 12345, don Oga ba ya son wahala. Yaron kuwa gaskiya ya faɗa. Akwai manhajojin da aikinsu dare da rana ƙwanƙwasa ƙofofin kowane adireshi a intanet, har akwai shafi mai suna Shodan da ke jera na'urorin da aka tarar a buɗe. A 2016 bairos ɗin Mirai bai yi wani siddabaru ba, kalmomin sirri 60 da 'yan kai na masana'anta ya riƙa gwadawa, irin su admin da 12345, ya tara dubun-dubatar kyamarori da rautoci. Ranar 21 ga Oktoba aka tura su kan kamfanin Dyn, mai nuna wa kwamfutoci adireshin shafuka, sai Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ɗauke a Amurka. Masu kyamarorin ba su ma san an ɗauki kayansu aikin soja ba. Ƙofar 3389 kuwa tana cikin hanyoyin da masu kulle fayil su nemi fansa suka fi ƙauna. Ranar da abin ya faru, tambayar farko da Oga zai yi ita ce, "Wai me muke biyan yaron nan yake yi?"

Sarkin Ƙofa

Shi ne jami'in kwamfuta na ma'aikata, mai ɗaki mai sanyi da kati rataye a wuya. Aƙidarsa ita ce, kwamfutar da ba ta haɗu da komai ba ita ce mai lafiya. Ya toshe YouTube, ya toshe WhatsApp, ya haɗa har da shafin da akawu ke biyan kuɗi, a ranar ƙarshe ta biya. Ya saita fayawal ɗin yadda ba zai ce an hana ba, sai dai ya yi gum ya yar da saƙon. Mai nema ya zauna yana kallon abu na juyi har lokaci ya ƙare, bai san ko shi ne, ko sabis ne, ko mutanen ɓoye ba. Ka kira shi, amsarsa ɗaya: "Daga nan wajenmu komai lafiya lau." Ka matsa, ya ce ka rubuto takarda ta hannun shugaban sashe.

A cikin fayawal ɗin akwai tulin dokoki da wanda ya gada ya bari, ba wanda ya san amfaninsu, ba kuma mai ƙarfin halin gogewa. Kwamfuta ɗaya ce a ginin ba a toshe mata komai ba, kuma daren gasar Zakarun Turai za ka gane wacce. Shi ne uban Ɗan Tsallaken Katanga, ko da yake ba ya amsa cewa ɗansa ne. Duk inda aka rufe ƙofar halal ba bayani, ta taga za a bi.

Marubucin Gargaɗi

Wannan ba a ganinsa, yana can wata ƙasa ko wani bene a Legas, amma rabin mutanen da ke jerin nan shi ya rene su. Shi ma iri uku ne. Na farko mai rowar magana ne. Manhajarsa ta kasa isa inda za ta, sai ta ce an samu matsala, ko ta jefo maka lamba mai farawa da 0x800 ta ja bakinta. Wace matsala? A ina? Kai da Allahnka. Na biyu mai tsame hannu ne, wanda ya rubuta a takardar bayani cewa kafin a saka manhajarsa a kashe fayawal da antibairos. Ya san ƙofar da take bi sarai, don shi ya gina ta, amma rubuta lambar ya fi ƙarfinsa, gara kowa ya kwana a buɗe. Daga wurinsa Injiniya ya samo fatawa.

Na uku mai surutu ne. Windows Vista da ta iso hannun jama'a a 2007 ta yi suna wajen neman izini a kan abu kaɗan, har mutane suka koyi amincewa ido rufe, Microsoft da kanta ta rage tambayoyin a Windows 7. Gargaɗin da ke fitowa sau ashirin a yini, na ashirin da ɗaya ko gobara yake sanarwa ba mai dubawa.

Gargaɗin kirki kuwa ba ya wuce layi uku. Na nemi adireshi kaza ta ƙofa kaza ban samu amsa ba. Sauran intanet ɗinka na aiki, don haka wataƙila fayawal ne. Ka buɗe wa wannan manhajar wannan ƙofar, ko ka nuna wa mai kula da netwok ɗinku saƙon nan. Mai kafe da ɗalibai goma ke tsaye a kansa ranar rufe rajista, in ya samu wannan a harshen da yake ji, ba abin da zai kai shi wurin Injiniya.

Mai Gaskata Na Bogi

Wanda bai taɓa kula gargaɗin gaskiya ba, shi ne na farkon miƙa wuya ga na ƙarya. Na gaskiya ƙarami ne, ba ya ihu. Na bogi kuwa ya cika allo da ja, yana jiniya, yana ƙirga daƙiƙu, yana cewa an fasa fayawal ɗinka, bairos sun shiga, ka kira wannan lambar yanzu-yanzu. Shafin intanet ne kawai ya yi shigar Windows, rufe burauza ya isa ya kashe wasan. Microsoft ta sha faɗa cewa saƙonninta na gargaɗi ba sa ɗauke da lambar waya. Amma mutuminmu ya riga ya kira.

Wata murya mai ladabi ta ce ya saka AnyDesk ko TeamViewer a duba masa. Manhajojin halal ne, masu gyara na aiki da su kullum. Sai dai tunda daga cikin gida aka fita aka kirawo baƙon, maigadi ba shi da ta cewa, dokarsa ta ce ɗan aike ya shigo da amsarsa. Mutuminmu na zaune yana kallon kibiyar linzami tana yawo da kanta, yana cewa, "Kai, Turawan nan sun iya aiki." Aka ce ya shiga asusun bankinsa a tabbatar ba a taɓa shi ba. Ya shiga. A lokacin dai ba a taɓa ba.

Malam A-Yi-Format

Firinta ta ƙi haɗuwa saboda an sa netwok ɗin shago a matsayin na jama'a, inda Windows ke ɓoye kwamfuta ta hana rabon firinta. Gyaran dannawa biyu ne. Malam ya duba, ya yi tsaki, ya ce, "Sai dai format." Aka goge komai, har da babi huɗu na kundin digirin wata ɗaliba da hotunan suna. Aka sake zuba Windows, aka haɗa da netwok, ya sake zama na jama'a, firinta ta ƙi. Malam ya shafa gemu ya ce, "To, firintar ce ta mutu."

Wanda Ya Karanta

Akwai shi, ba shi da yawa ne kawai. Akwati ya fito, ya sauke hannu daga linzami ya karanta. Wace manhaja ce wannan, ni na buɗe ta yanzu? Aikinta na bukatar wani ya shigo daga waje? A wane netwok nake, na gida ko na otal? In manhajar tura hotuna ce da ya buɗe da hannunsa a gidansa, ya amince mata a netwok na gida kaɗai. In suna ne da bai sani ba, ya hana, ya bincika. In haɗi ya ƙi, ya gwada wani shafin, ya gwada wata na'urar, ya ɗauki hoton saƙon kafin ya kira kowa, don mai taimakonsa ya ga lamba da sunan da ke ciki. In ya kashe fayawal don gwaji, ba ya tashi daga kujerar sai ya mayar. Duk wannan bai kai minti biyar ba, kuma bai taɓa shiga ajin kwamfuta ba.

Ladan da yake samu kuwa ba daɗin ji. Ranar da aka gane yana karantawa, ya zama injiniyan ofis da na dangi ba albashi. Hajiya ta kira shi ana kiran assalatu, Oga ya aiko direba ya ɗauke shi ranar Asabar, maƙwabci ya kawo rimot ɗin talabijin, wata gwaggo ta aiko da wayar da ta faɗa rijiya tun bara. Malam Danna-Kawai ya sake kawo tasa kwamfutar, ya tsaya a kansa yana cewa, "Danna mana, me kake karantawa?" Shi ya sa in ka shiga ofis ka ga wani natsattse ya leƙa allon abokin aikinsa, idonsa ya sauka kan saƙon, ka ga alamar ya gane sarai, sannan ya ɗago ya ce, "Ina jin sabis ne," kada ka yi saurin sa shi a layin jahilai. Bawan Allah ne da ke son yau dai ya ci abincin rana da zafinsa.